Masu rubuta sunayen mamatansu

Aikin teburin labaran ƙetare a gidan rediyo aikin tankaɗe ne da rairaya. Labarai su yi ta kwararowa daga kamfanonin dillancin labarai, kai kuma 'yan mintoci aka ba ka, ka zaɓi abin da zai shiga, ka mayar da shi Hausa, ka miƙa wa mai karantawa. A irin wannan aiki rabon Afganistan bai wuce layi biyu ko uku ba: bam ya tashi a Kabul, mutum kaza sun mutu, ƙungiya kaza ta ɗauki alhaki ko kuma ba wanda ya ɗauka. Ba ƙarya a ciki. Sai dai duk wanda ya daɗe yana fassara waɗannan layuka zai lura da wata unguwa da sunanta ba ya barin bakin labari, wato Dasht-e-Barchi da ke yammacin Kabul.

A can ɗan ƙunar baƙin wake ya shiga cibiyar karatu ta Mawoud a Agustan 2018. A can 'yan bindiga suka kutsa ɗakin haihuwa na asibitin da ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa, ranar 12 ga Mayun 2020, suka kashe mutum sama da 20, 16 daga cikinsu mata masu naƙuda da masu jego. A can aka tashi bam a ƙofar makarantar Sayed al-Shuhada ranar 8 ga Mayun 2021, daidai lokacin tashin ɗalibai, mutum aƙalla 85 suka rasu, galibinsu 'yan mata. Kamfanonin labarai kan ce "unguwar da 'yan Shi'a suka fi yawa", su wuce. Waɗanda suka nuna mini cewa al'umma guda ake bi da wannan kisa ba editoci ba ne, ba kuma masana ba. Mutanen da ke rubutu a ƙarƙashin labarin ne a Twitter da Facebook, suna ta nanata magana ɗaya ga manyan kafafen duniya: ku faɗi su wane ne aka kashe, 'yan Hazara ne.

'Yan Hazara mutanen tsaunukan tsakiyar Afganistan ne, yankin da ake kira Hazarajat, wanda ya haɗa da Bamiyan da Daikundi da sassan Ghazni da Ghor da Wardak. Harshensu reshe ne na Farisanci. Mafi yawansu 'yan Shi'a ne, ko da yake akwai 'yan Sunni a cikinsu, kuma kamanninsu na mutanen tsakiyar Asiya ya sa ana gane su tun daga nesa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da za a tsayar da motarsu a hanya a ware fasinja. Tsakanin 1891 da 1893 Sarki Abdur Rahman Khan ya yaƙe su, aka kashe ɗimbin jama'a, aka sayar da wasu bayi, aka raba filayensu ga wasu ƙabilu. Waɗanda suka tsira da yawa suka gudu Kwetta, da ke Pakistan a yau, da Mashhad a Iran. A Agustan 1998 da Taliban ta kama Mazar-i-Sharif, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe mutum aƙalla 2,000, akasarinsu 'yan Hazara. A Janairun 2001 aka sake yi a Yakawlang. Duk waɗannan sun faru ne a zamanin da labarinsu ba ya fita sai wani baƙo ya zo ya ɗauka, ya rubuta yadda ya ga dama, a lokacin da ya ga dama. Afganistan ma ba ta taɓa kammala cikakkiyar ƙidayar jama'a ba, shi ya sa har yau kowa da adadin da yake ba su, wasu su ce kusan kashi 10 cikin ɗari, wasu su ce sun ninka haka.

Da na koma baya ina bin sawun yadda suka fara amfani da kafafen sada zumunta, sai sawun ya kai ni Kwetta. Ranar 10 ga Janairun 2013 bam ya tashi a wani gidan sunuka a titin Alamdar. Mutane suka ruga ceto, sai na biyu ya tashi a kansu. Sama da mutum 80 suka mutu, ƙungiyar Lashkar-e-Jhangvi ta ce ita ce. Cikin waɗanda bam na biyu ya kashe akwai Irfan Ali Khudi, matashin ɗan rajin kare haƙƙi wanda ya daɗe yana sanar da duniya kisan Kwetta ta Twitter, ɗaya bayan ɗaya. Sa'o'i kaɗan kafin rasuwarsa ya wallafa labarin wasu iyalan Hazara da tsoro ya sa suke ƙaura daga garuruwansu a Balochistan, lardin da Kwetta take.

Abin da iyalan mamatan suka yi bayan nan, duk Musulmi zai san nauyinsa. Mu da ake rasuwa da hantsi a kai mutum makwancinsa kafin azahar, mun san abin da ake nufi da a ce an ƙi binne gawa. Suka jera gawarwakin a kan titi cikin sanyin hunturu, maza da mata, suka yi zaman dirshan kusan kwana huɗu. Da farko manyan gidajen talbijin ba su ba abin muhimmancin da ya dace ba, amma hotunan suka yi ta yawo a waya, har aka fara irin wannan zama a Karachi da Lahore da Islamabad. Firaminista Raja Pervez Ashraf ya zo Kwetta da kansa, aka sauke gwamnatin lardin ta Aslam Raisani, sannan aka yi jana'iza. Ranar 16 ga Fabrairu, mako biyar kacal bayan nan, aka tashi wani bam a kasuwar Hazara Town, aka sake kashe sama da mutum 80.

Wannan jeri na daɗe ina juya shi a raina, domin shi ne ya yi ta maimaituwa. Kuka ya kai inda ake so ya kai, an ji, har kujera ta girgiza, amma kisan bai tsaya ba. A Nuwamban 2015 aka yi wa wasu fasinjoji bakwai 'yan Hazara yankan rago a lardin Zabul na Afganistan, cikinsu da yarinya 'yar shekara 9, Shukria Tabassum. Hotonta ya zagaya Facebook, dubban mutane suka ɗauki gawarwakin zuwa ƙofar fadar shugaban ƙasa a Kabul. A 2016 aka yi gangamin da suka kira na Roshanayi, saboda gwamnatin Ashraf Ghani ta karkatar da babban layin lantarki da zai taso daga Turkmenistan, maimakon ya ratsa Bamiyan sai aka ce ya bi ta mashigar Salang. Matasa masu digiri ne suka shirya shi, kuma ta waya aka yi gayya. Gwamnati ta tare hanyoyin tsakiyar birni da kwantenoni. Ranar 23 ga Yuli, a dandalin Deh Mazang, ɗan ƙunar baƙin wake ya shiga cikinsu, mutum aƙalla 80 suka mutu, ƙungiyar IS ta ce aikinta ne. Gayyar da ta tara su ita ce ta sanar da makashin wuri da lokaci. Layin lantarkin kuwa ba a mayar da shi Bamiyan ba.

Saboda haka idan wani ya ce mini kafafen sada zumunta sun ba 'yan Hazara murya, ba na musu, amma ina tambayarsa me muryar ta saya musu. Ba ta saya musu tsaro ba. Abin da na ga ta saya musu wani abu ne daban, kuma harin cibiyar karatu ta Kaaj da ke Dasht-e-Barchi ne ya fi fito mini da shi.

Ranar Juma'a ce, 30 ga Satumban 2022. Ɗalibai ɗaruruwa suna zaune suna rubuta jarrabawar gwaji ta shiga jami'a, wadda a can ake kira Kankor. Tun watan Maris na shekarar Taliban ta tabbatar da rufe makarantun sakandaren 'yan mata, don haka irin waɗannan cibiyoyi su ne ɗan abin da ya rage musu. Maharin ya harbe masu gadi, ya shiga zauren, ya tashi bam a ɓangaren da 'yan matan suke. Adadin farko da 'yan sandan Taliban suka bayar shi ne mutum 19. Shi kamfanonin labarai suka ɗauka, shi ya zo teburinmu. Amma kafin dare wani aiki ya kankama a Twitter. Wani ya sa hoton ƙanwarsa da sunanta da shekarunta da abin da take son karanta a jami'a. Wata ta sa na ƙawarta. Wasu suka zauna suna harhaɗa sunayen wuri guda, suna cire wanda aka maimaita, suna gyara wanda aka rubuta ba daidai ba, suna ƙara wadda ta cika a asibiti. Jerin ya wuce 19 tun da wuri, ya wuce 30, ya ci gaba. Bayan 'yan kwanaki ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Afganistan ya fitar da nasa adadin: mutum 53, 46 daga ciki 'yan mata da mata, da sama da 100 da suka jikkata. Wato masu jerin sunaye sun riga hukuma isa ga gaskiya, kuma da hujjar da ta fi ta hukuma ƙarfi, domin lamba ana iya musanta ta da baki, amma suna da hoto da sunan uba sai an je an nuna yarinyar da rai.

A makon ne maudu'in #StopHazaraGenocide, wato a daina yi wa Hazara kisan ƙare dangi, ya yi tashe, saƙonni miliyoyi, aka yi zanga-zanga a biranen Turai da Amurka da Ostireliya. Ba 'yan Hazara kaɗai ba, Pashtun da Tajik da Uzbek da dama sun sa hannu. An yaɗa shafin littafin wata ɗaliba da ta rasu, inda ta jera burinta na duniya, ciki har da ganin hasumiyar birnin Paris da hawa keke. An yaɗa labarin Fatima Amiri, wadda ta rasa ido ɗaya a harin, ta tashi da ɗinki a fuska ta rubuta ainihin jarrabawar bayan makonni kaɗan, ta ci. Ranar 20 ga Disamba Taliban ta haramta wa mata shiga jami'a baki ɗaya.

Tashe a intanet kamar cin kasuwar ƙauye ne, da hantsi ba masaka tsinke, da la'asar sai rumfuna. A lokacin ma akwai manyan kasuwanni da ke ci, ga yaƙin Ukraine, ga zanga-zangar Iran bayan mutuwar Mahsa Amini. Mu nan mun san wannan tun 2014, da duniya ta ɗauki kukan 'yan matan Chibok 276 ta kuma ajiye shi alhali da yawansu ba su dawo ba. Abin da ya rage bayan kasuwa ta watse shi ne jerin nan. Daga shi da ire-irensa, da bidiyon da mutane suka ɗauka a ɓoye, masu bincike irin su Afghan Witness suke aikin tantance wuri da lokaci. Tun daga nan na daina auna labari da yawan masu yaɗa shi. Nakan nemi mutum biyu ko uku da suke yin aikin nan mai gundura na tara suna da rana da wuri, waɗanda idan sun yi kuskure suke dawowa su gyara a fili. Irin su na fi amincewa da su, kuma sau da yawa ba su da mabiya masu yawa.

Akwai inda wannan adana suna ya zama abin da ake taɓawa da hannu. Dangin Rahila, ɗalibar da ta rasu a harin Mawoud, sun yi kira a kafafen sada zumunta a tara littattafai, aka buɗe ɗakin karatu da sunanta a Kabul. Ban san wata amsa da ta fi wannan zafi ga wanda ya kai wa ajin karatu hari ba.

Maganar kisan ƙare dangi kuwa sai da muka yi ta a ofis da editarmu. Na rubuta shi a kan labari yadda masu zanga-zangar suke faɗa, ta ja layi a ƙarƙashi.

"Hajiya, ai su da abin ya shafa haka suke kiransa," na ce.

"Na ji, ƙanena. To ka ce su suka faɗa. Mu ba kotu ba ne."

Haka muka yi, kuma haka nake yi har yau. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 kan kisan ƙare dangi ta ɗora wannan laifi a kan niyyar shafe wata al'umma, duka ko wani sashe nata, kuma tabbatar da niyya aikin shari'a ne. Amma ba a bar mu hannu rabbana ba. A farkon Satumban 2022, makonni kafin harin Kaaj, wani kwamitin 'yan majalisar Birtaniya ya fitar da rahoton da ya ce 'yan Hazara suna fuskantar babban haɗarin kisan ƙare dangi. Richard Bennett, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya na musamman kan haƙƙin ɗan Adam a Afganistan, ya ce hare-haren tsararru ne kuma suna da alamun laifukan cin zarafin bil'adama. Idan na jera wa mai sauraro wannan, na kuma jera masa makaranta, ɗakin haihuwa, masallaci, motar haya, to na yi nawa. Ya yanke da kansa. Na dai lura a wurinmu akwai mai sauraron da da zarar ya ji an ce 'yan Shi'a ne sai ya toshe kunne, kamar jaririn da aka harbe uwarsa a gadon haihuwa yana da mazhaba. Don irinsa nakan sa makaranta da shekarun yaran a layin farko.

Wani abin da sai da na daɗe kafin na iya rarrabewa shi ne wanda ke magana. Masu intanet a Afganistan tsiraru ne a cikin jama'a, a ƙauyukan Hazarajat kuwa abin ya fi haka ƙaranci. Mafi yawan saƙonnin Turancin da muke gani daga mazauna ƙetare suke fitowa, daga Melbourne, London, Toronto, Hamburg, da 'yan gudun hijirar da suka shekara da shekaru a maƙale a Indonesiya. Ba laifi ba ne, su ne suke da damar buɗe baki. Amma na cikin gida shi yake biyan kuɗin maganar. A Satumban 2021 Taliban ta kama 'yan jaridar Etilaatroz biyu, Taqi Daryabi da Nemat Naqdi, saboda sun ɗauki zanga-zangar mata, aka yi musu dukan da hoton bayansu ya zagaya duniya. Matan da suka fito titi washegarin harin Kaaj an tarwatsa su da harbi a sama. Ana duba wayoyin mutane a shingayen bincike. Zahra Joya, 'yar Hazara da ta kafa kafar labarai ta Rukhshana Media a 2020, daga Ingila take gudanar da ita yanzu, wakilanta na cikin gida kuwa da sunan aro suke aiki. Shi ya sa ba na sake yaɗa bidiyon da fuskar mai ɗauka ko ƙofar gidansa ta fito, ko da wasu dubu sun riga ni. Labarin korar manoma daga filayensu a Daikundi da Uruzgan da Balkh, wanda Human Rights Watch ta ba da rahoto a kai a Oktoban 2021, bai taɓa samun rabin hayaniyar da bam ɗaya na Kabul ke samu ba, don ba wanda ke tsaye da waya a wurin, kuma kora ba ta da hoto mai tayar da hankali.

Ba kuma duk abin da ke ƙarƙashin maudu'in ne gaskiya ba. Na ga tsofaffin hotunan Kwetta an liƙa musu sabuwar rana, na ga na wata ƙasa an ce Bamiyan ce. Na ga inda baƙin ciki ya rikiɗe ya zama zagin ƙabilar Pashtun gaba ɗayanta, aka mayar da martani da zagin Hazara, a rasa mai jin wani. A nan ba na tare da kowa. Yawancin bama-baman shekarun nan reshen IS na Khurasan ne ya ɗauki alhakinsu, kuma shi abokin gabar Taliban ne. Wasu, kamar na Kaaj da na Sayed al-Shuhada, ba wanda ya fito ya ce shi ne. Taliban tana da nata kundin daban: Mazar, Yakawlang, mutum 9 da Amnesty International ta ce an kashe a Malistan a Yulin 2021, da 13 a Daikundi a ƙarshen Agustan shekarar, da ƙwace filaye, da gazawar kare mutanen da ta ce tana mulka. Cakuɗa su wuri guda yana ba kowane ɓangare ƙofar zillewa. Ita ma Taliban ɗin ba a bar ta a baya ba, kakakinta Zabihullah Mujahid yana da ɗimbin mabiya a dandalin da ake kuka da ita a kai.

Siyasar duniya kuwa ta kama wata hanya da ba ta bi ta kan kukan ba. Pakistan ta fara korar 'yan Afganistan marasa takardu daga Nuwamban 2023, Iran ta koro fiye da miliyan a 2025, kuma waɗannan ƙasashe biyu su ne mafakar 'yan Hazara tun zamanin Abdur Rahman. A Agustan 2024 Taliban ta hana Richard Bennett shiga ƙasar. A watan da ya biyo baya aka tare wasu mutane a iyakar Daikundi da Ghor, sun fito tarbar masu dawowa daga ziyarar Karbala, aka harbe 14. A Yulin 2025 Rasha ta zama ƙasa ta farko da ta amince da gwamnatin Taliban a hukumance. A watan ne kuma Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama shugaban Taliban Hibatullah Akhundzada da alƙalin alƙalanta Abdul Hakim Haqqani, amma kan zaluntar mata ne, ba kan abin da ake yi wa Hazara ba.

Sannan rumbun da ake tara wannan shaida a ciki ba nasu ba ne. Twitter ta sauya hannu, ta sauya suna, a 2023 ta rufe ƙofar da masu bincike ke ɗibar bayanai kyauta. Meta ta rufe CrowdTangle a Agustan 2024, manhajar da 'yan jarida da yawa suka dogara da ita wajen bin sawun abin da ke yawo a Facebook. Hoton gawa ko na jini kan iya ɓacewa dare ɗaya saboda ya saɓa wa ƙa'idar kamfani, mai shafi kan goge shafinsa don tsoro, shekarun aiki su tafi da shi. A tsakiyar Satumban 2025 Taliban ta fara yanke wayar intanet a lardin Balkh da wasu larduna da sunan hana baɗala, ranar 29 ga wata kuma ta kashe intanet da layukan waya a ƙasar baki ɗaya. Jirage suka tsaya, bankuna suka tsaya, kafafen da ke gudun hijira suka rasa wakilansu. Mutanen Zamfara da aka yanke wa layi a Satumban 2021 sun san yadda gari ke zama idan haka ta faru. An dawo da layin ranar 1 ga Oktoba, bayan mako guda kuma aka fara ganin an taƙaita Facebook da Instagram da Snapchat a wasu layukan.

Yanzu duk jerin sunayen da na tantance, da duk bidiyon da na tabbatar da wurinsa, sai na sauke shi a kwamfutar ofis, na rubuta ranar da aka wallafa shi da inda na samo shi, na kuma ajiye kwafi na biyu a wani wuri. Hajiya ta sa an buɗe irin wannan ma'ajiya ga labaran Sudan da na Sahel, ta ɗora wa sababbin ma'aikata biyu kula da ita.